Allurar Kamfani da Allurar Haɗi: Tarihin Abin da Ke Cikin Kwalba

Mai karatu, bari in fara da wata kwalba. Ƙarama ce, tsawonta bai kai babban yatsa ba, an kawo mini ita a ƙulle cikin leda wata ranar Alhamis, lokacin da kasuwar Shinkafi ke ci, motocin ƙauye sun cika gari. Dattijuwar da ta zo da ita daga wajen Katuru take, ta shekara shida tana fama da ciwon sukari. Kwana uku ke nan tana amai, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Na ce, "Hajiya, wa ya ba ki wannan?" Ta ce, "Ɗana ne ya aiko daga birni, likita. Ya ce irin wadda manyan mutane ke yi ce, tana sauke sukari, tana rage jiki." Na juya kwalbar. An rubuta sunan sinadarin, semaglutide, sai kuma ranar da za ta lalace. Babu sunan wanda ya haɗa ta, babu lambar rajista, babu bayanin yawan maganin da ke cikin kowane mililita.

Ɗan nata bai yi da mugun nufi ba, kuɗinsa ya kashe don mahaifiyarsa ta samu sauƙi. Abin da bai sani ba shi ne, sunan sinadari ɗaya yana iya zama a kan abubuwa huɗu mabambanta: maganin kamfanin da ya ƙirƙiro shi, kwafin da hukuma ta gwada ta amince da shi, haɗin da wani mai harhaɗa magunguna ya yi a ɗakinsa, da kuma jabu. Kafin ka gane inda suka rabu, sai mun koma baya, domin tsohuwar rigima ce ta dawo cikin sabuwar riga.

A da can, duk magani haɗi ne. Wanzami, 'yar mai ganye, malamin da ke rubutu ya haɗa da saiwa, kowa da hannunsa yake daka, yake jiƙa, yake aunawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya bar rubuce-rubuce a kan magunguna da yadda ake sarrafa su. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa akwai shagunan masu harhaɗa magani, kuma jami'in hisba yakan zagaya ya duba ma'auninsu da kayansu, saboda tun a wancan lokacin an gane cewa mai sayen magani ba ya iya tantance abin da ya saya da ido. Mai sayen gero zai damƙa ya duba. Mai sayen magani sai dai ya dogara da amanar mai sayarwa.

Ciwon sukari kuwa an daɗe da saninsa ba tare da an san maganinsa ba. Tsofaffin likitocin Indiya sun lura tururuwa na taruwa a kan fitsarin masu ciwon. A 1889, a birnin Sitirasbog, wasu masu bincike biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda ake kira pankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon sukari. Daga nan aka san inda matsalar take. Amma yaron da ya kamu da nau'in da ke kama yara, abin da likita zai iya yi masa bai wuce ya hana shi abinci ba, ya ja masa kwana kaɗan.

A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka tatso sinadarin insulin daga pankiriyas ɗin dabbobi, a ɗakin binciken Farfesa Macleod. Ranar 11 ga Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko. Ina so ka tsaya a nan, mai karatu, domin darasin da nake son bayarwa kusan duka yana cikin waɗannan kwanaki goma sha biyu. Allurar farko ba ta yi wani aikin kirki ba, sai ma ta kumbura masa wurin da aka yi ta, ya yi ƙurji. Insulin ɗin yana cikin ruwan, amma yana tare da datti. James Collip, masanin sinadarai, ya duƙufa dare da rana yana tace shi. Ranar 23 ga watan aka sake yi wa yaron, sukarinsa ya sauka, ya farfaɗo, ya ƙara shekara goma sha uku a duniya. Sinadarin bai canja ba tsakanin allurar farko da ta biyu. Tsarkinsa da ma'auninsa ne suka canja.

Ɗakin binciken jami'a bai iya wadatar da masu bukata ba, kuma abin da suka haɗa yau ba lallai ƙarfinsa ya yi daidai da na gobe ba. Shi ya sa aka jawo kamfanin Eli Lilly na Amurka, wanda ya fara fitar da insulin da yawa a 1923. A shekarar ce kuma masanin ƙasar Denmak, August Krogh, wanda matarsa Marie likita ce mai ciwon sukari, ya kafa masana'antar Nordisk bayan ya samo izini daga Toronto. Wasu 'yan'uwa biyu suka fita daga cikinta suka kafa Novo a 1925, aka yi ta gasa har 1989 da suka haɗe suka zama Novo Nordisk. Waɗannan kamfanoni biyu, Lilly da Novo Nordisk, su ne dai yau ke da allurorin da ake ta magana a kansu. Akwai abin da ke ba ni takaici a nan: masu binciken Toronto sun sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakar insulin a kan dala ɗaiɗai don kada a tsauwala wa talaka, amma ga shi bayan shekara ɗari, ina ganin magidanci a Zurmi yana rage wa ɗansa awon allura don kwalbar ta kai ƙarshen wata.

Har zuwa 1982, daga shanu da aladu ake samun insulin, abin da ya sa wasu Musulmi ke ƙyamarsa. A shekarar aka amince da Humulin, insulin irin na ɗan'adam da ake sa ƙwayoyin halitta su samar a masana'anta. Irin wannan ne galibi muke bayarwa yanzu, don haka mai wannan damuwa ya kwantar da hankalinsa.

Dokar da ta raba maganin kamfani da na haɗi kuwa, sai da aka yi asarar rayuka kafin a kafa ta. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin sulfanilamide cikin wani ruwa mai zaƙi-zaƙi da ake kira diethylene glycol, ba tare da gwaji ba. Ruwan yana kashe ƙoda. Sama da mutum 100 suka mutu, da yawansu yara. Shekara ɗaya bayan haka, a 1938, aka kafa dokar da ta ce sai an nuna magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Wannan guba ɗaya ce ta zo mana gida a 1990, lokacin da aka shigar da ita kasuwa da sunan wani ruwa mara lahani da ake haɗa maganin zazzaɓin yara da shi, masu haɗawa kuma ba su gwada ba. Yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan. Bayan wannan masifa aka kafa hukumar NAFDAC da dokar soja mai lamba 15 ta 1993. Duk da haka gubar ta dawo a 2008 cikin maganin haƙorin jarirai na My Pikin, ta kashe yara 84.

Farfesa Dora Akunyili, wadda ta karɓi ragamar hukumar a 2001, ita ma mai harhaɗa magunguna ce, kuma ta sha faɗa a bainar jama'a cewa ƙanwarta ta rasu a 1988 saboda jabun insulin. Yaƙin da ta yi da 'yan jabu ya kai ga an harbi motarta a Disambar 2003, harsashi ya huda ɗankwalinta. A 2010 aka fara tsarin nan na kankare lamba a jikin kwali a aika ta waya don tantance magani, kuma maganin da aka fara gwada tsarin a kansa na ciwon sukari ne, Glucophage. Ka ga ashe masu ciwon sukari sun daɗe a sahun gaba na waɗanda 'yan jabu ke hari, domin su ne ke sayen magani kowane wata har ƙarshen rayuwa.

To, ina sababbin allurorin suka fito? A shekarun 1980 masu bincike irin su Joel Habener, Svetlana Mojsov, Daniel Drucker da Jens Juul Holst suka gano aikin wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, mai suna GLP-1. Yana sa jiki ya fitar da insulin idan sukari ya hau, yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, yana kuma gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Cikas ɗaya gare shi, cikin minti biyu jiki ya lalata rabinsa. Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. A 1992 wani likita a birnin Niyok, John Eng, ya samu irin wannan sinadari mai daɗewa cikin dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, mai kama da damo. Daga nan aka yi Byetta a 2005, ana yin ta sau biyu a rana. Novo Nordisk ta bi wata hanyar, ƙarƙashin jagorancin Lotte Knudsen: suka maƙala wa sinadarin wutsiyar kitse don ya riƙe wani furotin na cikin jini, ya daɗe yana zagayawa. Haka aka samu Victoza ta kullum, sannan semaglutide ta mako-mako. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita da sunan Ozempic a Disambar 2017 don ciwon sukari nau'i na biyu, da sunan Wegovy a Yunin 2021 don rage ƙiba. Lilly kuma ta fito da tirzepatide, da sunan Mounjaro a 2022 da Zepbound a 2023.

Magungunan suna aiki, ba zan rage musu daraja ba. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu ƙiba da suka yi semaglutide mako 68 sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu. Na tirzepatide a mafi girman awo ya kai kusan kashi 21. Dubban mutane aka bi, aka rubuta kowane amai da kowace gudawa, aka san wanda bai kamata ya yi ba. Wannan ilimi ya shafi abin da ke cikin alƙalamin allurar kamfanin ne, wanda aka yi da sinadarin da suka sarrafa, a masana'antar da masu duba gari ke shiga.

A nan ba zan iya wucewa ban yi wata 'yar magana ba. Mu da muka taso muna ganin 'yan mata na haɗiyar "sha ka fashe" kafin biki don su yi ƙiba, yau mun wayi gari ana neman allurar ramewa ta waya. Da yawa daga cikin ƙwayoyin ƙibar nan dexamethasone ne, wanda shi kansa yana tayar da sukari da hawan jini. Na ga matar da maganin ƙiba ya jawo wa ciwon sukari, bayan shekaru ta dawo tana tambayata allurar rage ƙiba, kuma sau da yawa hannun da ya sayar da na farko shi ke tallar na biyu.

Da labarin allurorin ya bazu, taurarin fina-finai da attajirai suka yi musu ca, kamfanonin suka kasa wadatar da kasuwa. A 2022 hukumar Amurka ta sanya semaglutide da tirzepatide cikin jerin magungunan da suka yi ƙaranci. Dokarsu kuwa ta ce idan magani yana cikin wannan jeri, an yarda masu harhaɗa magunguna su haɗa kwafinsa. Ƙofar da allurar haɗi ta shigo ke nan. Kamfanonin da ke duba marasa lafiya ta intanet suka riƙa aika kwalabe gida-gida a kan kuɗin da bai kai rabin na kamfani ba.

Kada ka ɗauka haɗi haramun ne ko aikin ɓarayi. Sana'ata ce, kuma ina alfahari da ita. Idan likita ya rubuta wa jariri maganin zuciya da babu shi sai a ƙwayar manya, ni ne zan niƙa in auna in mayar da shi ruwa daidai nauyin yaron. Idan mutum ba ya jure wani sinadari da ke cikin maganin kamfani, a kan haɗa masa wanda babu shi. Asalin haɗi ke nan: mutum ɗaya, takardar likita ɗaya, bukatar da kasuwa ba ta biya ba. Amma haɗa abin sha daban, haɗa abin da za a tsira wa mutum a jiki daban. Ciki yana da garkuwarsa, allura kuwa ta tsallake duk wani shinge. Tana bukatar ɗaki na musamman mai tataccen iska, da tufafi na musamman, da gwajin kowane rukuni kafin a fitar. A 2012 wata cibiyar haɗa magunguna a jihar Masacuset ta Amurka ta aika allurar ciwon baya da fumfuna ta gurɓata zuwa jihohi da dama. Sama da mutum 750 suka kamu, da yawansu da sanƙarau, aƙalla 64 suka mutu. Abin da ya haifar da dokar 2013 ke nan, wadda ta ƙara sa ido a kan manyan masu haɗi. Wannan fa a ƙasar da wutar lantarki ba ta ɗaukewa.

Ko a bayan wannan doka, allurar haɗi ba ta bi ta gwajin da na kamfani ya bi ba. Hukuma ba ta duba ta ta ce ga ingancinta, ga ƙarfinta, kafin ta isa hannun mara lafiya. Garin sinadarin daga wata masana'anta ake sayo shi, kuma hukumar Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu na amfani da wani nau'insa da ake kira semaglutide sodium ko semaglutide acetate, waɗanda ba su ne ke cikin Ozempic ba, ba a kuma gwada su a jikin mutane yadda ya kamata ba. Wasu kan ƙara bitamin B12, ruwan ya yi ja, mai saye ya ga kamar an yi masa gyara.

Amma inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen awo, kuma a nan nake so ka nutsu. Alƙalamin kamfani, murzawa kake yi ya tsaya a kan lamba: ana fara Ozempic da miligiram 0.25 sau ɗaya a mako har mako huɗu, sannan a hau 0.5, a hankali, domin ciki ya saba. Kwalbar haɗi kuwa da sirinjin insulin ake zuƙa, shi kuma sirinjin ba miligiram aka rubuta masa ba, yunit ne. Idan kwalba tana da miligiram 5 a kowane mililita, awon farko yunit 5 ne kacal a sirinji mai yunit 100, ɗan ɗigon da ido ke raina wa. Idan tana da 2.5 a mililita, awon ya zama yunit 10. Kwalabe biyu masu kama da juna, awo biyu daban. A Yulin 2024 hukumar Amurka ta ba da sanarwar cewa ta samu rahoton mutanen da suka yi wa kansu ninki biyar zuwa ashirin na abin da aka nufa, har da masu zuƙar yunit 50 a maimakon 5. Abin da ya sami Hajiyar nan tamu ke nan a iya fahimtata: jikanta ya cika sirinji zuwa rabi, don a ganinsa allura ba ta zama allura sai an ga ruwa. Kuma semaglutide ba ta fita daga jiki da wuri, sai mako guda kafin rabinta ya ragu. Babu wani magani da ke karya ta. Ruwa muka yi ta ƙara mata muna duba ƙodarta, har ta samu kanta.

Irin wannan kuskure mun san shi tun kafin sababbin allurorin. Insulin yana zuwa da ƙarfi biyu, mai yunit 40 da mai yunit 100 a mililita, kowanne da sirinjinsa: na 40 jan murfi, na 100 ruwan goro. Wanda ya zuƙi insulin mai 100 da sirinjin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi, yana iya sumewa kafin a kai shi asibiti. Duk mai insulin a gida, ya tashi yanzu ya duba lambar kwalbarsa da ta sirinjinsa.

Ƙarancin ya ƙare. Hukumar Amurka ta cire tirzepatide daga jerin a ƙarshen 2024, ta cire semaglutide a Fabrairun 2025, ta ba masu haɗi 'yan watanni su daina kwafa da yawa. Sai dai garin sinadarin bai ɓace daga duniya ba, kuma kayan da aka kora daga wata kasuwa mun san inda suka saba sauka.

Saura jabu, wanda shi ba haɗi ba ne ma, yaudara ce tsagwaronta. A Oktobar 2023 aka kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da alƙalamin Ozempic na bogi, wanda bincike ya nuna insulin aka sauya wa takarda. Ka yi tunani: mutumin da ba shi da ciwon sukari ya tsira wa kansa insulin mai yawa, sukarinsa ya faɗi, ya yi ta jijjiga. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun semaglutide da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka. Idan jabu ya iya kutsawa waɗannan ƙasashe, ba shi da wahalar hawa motar da ke tasowa daga Kano ta bi Gusau zuwa Ƙauran Namoda, ko ya tsallako iyaka ta wajen Maraɗi.

Akwai kuma aji na huɗu da bai kamata a haɗa shi da waɗannan ba, wato kwafin da hukuma ta amince da shi. Idan wa'adin haƙƙin mallakar kamfani ya ƙare, wasu kamfanoni kan yi irin maganin, su kai shi a gwada, a tabbatar yana aiki kamar na asali, a ba shi rajista. Yawancin metformin da muke bayarwa haka yake, kuma ba ni da wata shakka a kansa. Shekarar 2026 ce ƙarshen wa'adin semaglutide a ƙasashe irin su Indiya da Sin da Burazil, kuma da yake daga Indiya da Sin muke samun akasarin magungunanmu, a nan nake sa ran sauƙin farashi na gaskiya zai fito. Irin wannan kwafi yana da sunan kamfani, da adireshi, da lambar rukuni, da lambar NAFDAC da za ka iya dubawa a kundin hukumar na Greenbook a wayarka.

A wurinmu nan, akwai wani alƙali da ba ya karɓar hanci, shi ne zafi. Waɗannan allurori, da insulin, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a fara amfani da su. Alƙalamin Ozempic da aka buɗe yana iya kwana 56 muddin zafin bai wuce digiri 30 ba. A Shinkafi kuwa, daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 ba labari ba ne. Kwalbar da ta kwana a bayan mota, ta yini a tasha, ta tsaya a hanya ana jiran a ji ko lafiya kafin a wuce, ko da ta fito daga masana'anta mafi tsafta, ba ka da tabbacin abin da ya rage a cikinta. Ga masu insulin akwai ɗan sauƙi: wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da Jami'ar Janiba, a kan yanayin sansanin Dagahaley na ƙasar Kenya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna insulin ɗin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimakawa sosai idan an ajiye ta a inuwa mai iska. Amma wannan bincike a kan insulin aka yi shi, kada a ɗora shi a kan kwalbar haɗin da ba wanda ya gwada. Kada kuma a sa allura a ɗakin ƙanƙara, wadda ta daskare ta lalace.

Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: a yanayinmu, ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi wa kansa allurar semaglutide ko tirzepatide daga kwalbar da ba ta da rajista ba. Na san tsadar na kamfani, na san ya fi ƙarfin mafi yawan gidajenmu. Amma mai ciwon sukari nau'i na biyu yana da metformin, yana da sauran ƙwayoyi, yana da insulin, dukansu an san su shekara da shekaru, kuma suna aiki idan an bi su tare da gyaran abinci, a rage tuwon dare da fura mai sukari da lemon kwalba, a riƙa tattaki. Wanda likita ya ga ya cancanci sabuwar allurar, ya same ta ta hannun likitan, a babban asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, daga kantin magani mai lasisin Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna ta Najeriya. Mai ƙaramin kemis na unguwa, lasisinsa bai ba shi damar sayar da irin wannan ba, balle ya yi wa mutum.

Ko ta kamfanin ce, ba ta kowa ba ce. Ba ta maye gurbin insulin ga mai nau'i na farko, wanda ya ajiye insulin dominta ya jefa ransa cikin haɗari. Mai ciki ba ta yin ta, mai neman ciki kuma sai ta dakata da semaglutide wata biyu kafin nan. Wanda a danginsa aka taɓa samun wata irin sankara ta gaɓar nan da ke gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, ya gaya wa likita, haka wanda ya taɓa ciwon pankiriyas. Mai shan glibenclamide ko mai yin insulin, idan aka ƙara masa wannan allura sukarinsa na iya faɗuwa, sai an rage masa awo. Kada a fara ta ana gab da azumin Ramadan, domin makonnin farko su ne na tashin zuciya, kuma amai da ƙishirwar bazara idan suka haɗu ƙoda ce ke shan wahala. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, ko aman da ya wuce yini guda, asibiti ake kai shi, tare da kwalbar da sirinjin da aka yi amfani da su.

Hajiya ta koma Katuru bayan kwana biyar, a kan metformin ɗinta na da, da ƙarin wata ƙwaya guda. Ɗan nata ya kira ni ta waya yana tambaya ko zai iya mayar da sauran kwalabe biyun a ba shi kuɗinsa. Na ce ya gwada. Bayan kwana biyu ya sake kira, ya ce lambar mai sayarwar ba ta shiga.